Yatsan Dama da Yatsan Hagu

A zamanin da Turawa suka raba gari biyu, su a tudu, baƙar fata a kwari, Razdan, Baturen da ke mulkin garin, ya kawo sabon tsarin mulki wanda ya ce Bature kaɗai zai yi zaɓe. Yana son mutanen kwari su dangwala yatsa a takarda, ya aika ƙasar Turawa a ce sun yarda. Sai ya sa aka kira Barmo marini, wanda gari ke jin maganarsa.

Razdan ya ce, "Ka fara dangwalawa, ko ka kwana a gidan yari."

Barmo ya ce, "Ranka ya daɗe, da wane yatsa?"

"Da na dama mana."

"Ai na dama ya mutu. Bara mu ɗari takwas muka dangwala shi a takardar neman zaɓe, kotunku ta ce yatsan baƙar fata ba shaida ba ne."

"To, sa na hagu."

"Sai in sa. Amma mu nan ba a miƙa wa babba abu da hagu. Duk wanda ya ji zai ce mun zagi Sarkinku, kuma kai ka sa mu."

Razdan ya share gumi. "Na daman shaida ne. Ni na faɗa."

"A rubuta min, ranka ya daɗe, saboda halin mantuwa."

Razdan ya rubuta, ya buga hatimi. Barmo ya ninke takardar ya sa a hula, sannan ya zaro takardar bara daga aljihu, ya shimfiɗa a kan tebur.

"Madalla. Wannan ta riga taka zuwa da shekara guda. A fara da ita."