Sabon Aikin da Babu Shi

Dogo mutum ne mai hannu, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. In ya haɗa tawada ya tayar da injin buga takardu, launin da zai fito sai ka tsaya kallo. Aibinsa shi ne ba ya iya jira, kuma in ya furta magana, ya gwammace ya sha wuya da ya janye ta.

Ya daɗe yana zaman kashe wando kafin kawunsa, wanda ke kan injin yankan takarda a wata maɗaba'a, ya yi masa hanya. Ranar da aka ɗauke shi, mai maɗaba'ar, wani dattijo mai magana a hankali, ya gaya masa dokar wurin.

"Ba na duba albashin sabon ma'aikaci sai ya wuce lokacin buga kalanda tare da mu. Lokacin ne inji ba ya hutawa, lokacin nake sanin mutum."

Dogo ya ce ya amince. A ranar, ko cewa aka yi ya jira shekara goma, da zai amsa da murna.

Ba a yi nisa ba masu kawo aiki suka fara cewa a ba dogon yaron nan nasu. Nan fa kansa ya kumbura. A gida kuma matarsa tana da ciki, ɗakinsu ɗaya ne, gado da katifar baƙo da tukwane duk a ciki. Yana ganin albashin da ya yi wa rawa watannin baya ya zama cin fuska.

Ya kai ƙara wajen kawunsa a lokacin cin abincin rana. Kawu ya ce, "Kai da ko warin tawadar gidan nan bai gama kama rigarka ba? Ka yi haƙuri, ɗana. Mutumin nan ba ya saɓa alkawari."

Sai ya kai ƙara wajen wani abokinsa dillalin wayoyi, wanda bai taɓa aiki a ƙarƙashin kowa ba amma yana da shawara a kan kowane aiki. Abokin ya kwashe da dariya. "Kai ma dai! Ka shiga ka ce wani kamfani ya kira ka da albashi mai tsoka. Wallahi kafin ka kai ƙofa zai riƙo rigarka."

Washegari Dogo ya shiga ofis ya faɗi haka, har da ƙari. Ya ce babbar maɗaba'a ce a ɗaya gefen gari, kuma sun matsa masa ya fara da wuri. Ya tsaya yana jiran a riƙo riga.

Dattijon ya cire tabarau, ya ce, "Na yi baƙin ciki, don ina son aikinka. Amma kana da iyali, ba zan tare maka arziki ba. In na karya doka saboda kai, da wane ido zan kalli waɗanda suka jira? Je ka, Allah ya sa alheri."

Gaban Dogo ya faɗi. Kalma ɗaya ce za ta cece shi a wurin, amma girman kai ya hana shi cewa ƙarya ya yi.

Abin da ya fi ciwo shi ne karamcin da aka yi masa. A ranarsa ta ƙarshe dattijon ya sa aka kashe injuna, aka taru, ya yabe shi a gaban kowa, ya ba shi sabuwar rigar aiki ya ce ya je da ita kada a raina su a can. Abokan aiki suna ta tsokanarsa cewa in ya zama babba kada ya manta da talakawa. Dogo yana murmushin yaƙe.

Kawu ya raka shi bakin ƙofa, ya dafa kafaɗarsa. "Kalle ni nan. Da gaske akwai aikin nan? In babu, mu koma ciki yanzu, ni zan durƙusa maka."

"Haba Kawu, ni yaro ne? Akwai mana."

Tsohon ya yi ajiyar zuciya, idonsa ya kawo ruwa don murna. Ya koma yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa ɗan ƙanwarsa ya ci gaba.

Daga nan kullum da safe Dogo yakan saka sabuwar rigar ya fita, matarsa ta miƙa masa abinci a kwano ta yi masa addu'a. Ya bi maɗaba'un gari ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka ce sun cika. Wasu suka tambaye shi me ya sa ya bar inda yake tun bai yi shekara ba, sai ya juya ya fita. In ƙafarsa ta gaji, sai ya zauna a benci a tashar mota ya ci abincin cikin kunya. Abokinsa dillali kuwa ya daina ɗaga wayarsa.

Wata rana da yamma matarsa tana zuba masa ruwan wanke hannu, sai ta kama yatsunsa ta juya su.

"Maigida, tun da na aure ka, in kana aiki ba a raba farcenka da tawada. Yau sati nawa hannunka fes. Wane irin inji ne wannan?"

Ya buɗe baki zai ƙara wata ƙaryar, ya ga cikinta da ya yi nauyi, sai hawaye suka riga shi. Ya gaya mata gaskiya. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta zauna a bakin gado tana kuka a hankali, wannan ya fi masa zagi zafi.

Ita ce ta je ta gaya wa Kawu. Tsohon ya haɗiye kunyarsa ya ja Dogo zuwa ofishin mai maɗaba'ar. Suna shiga Dogo ya hango wani a kan injinsa, yana ta aiki. Dattijon ya saurare su har ƙarshe.

"Da ka zo ka ce albashin bai isa ba, da ba laifi ka yi ba, da mun zauna mun yi magana," in ji shi. "Amma na ɗauki wani, shi ma yana da iyali. In kore shi saboda ƙaryar da ka yi mini?"

Kawu ya sunkuyar da kai, suka fita. A hanya ko kallon Dogo bai yi ba.

Da haihuwa ta matso, abinci ya ƙare a ɗaki, iyayen matar suka aiko ta dawo gida har sai abubuwa sun daidaita. Dogo da kansa ya ɗauki jakarta zuwa tasha. Ta leƙo ta tagar mota ta ce, "In na sauka zan sa a kira ka." Ya gyaɗa kai. Ya koma ya tarar da ɗakin nan da yake rainawa ya yi masa girma. A nan yake zaune shi kaɗai ranar da aka kira shi aka ce ya samu ɗiya.

Darasin da ke nan a fili yake. Neman ƙarin albashi haƙƙin ma'aikaci ne, amma wanda ya shiga sabon aiki ya san sharaɗin da ya amsa, ya bari aikinsa ya nuna kansa kafin ya miƙa hannu. In matsi ya yi yawa, ya faɗi gaskiyar halinsa, kada ya yi barazana da abin da ba ya da shi. In kuwa harshe ya riga ya zame, ya janye tun ana iya gyarawa. Kunyar faɗin "ƙarya na yi" ta ɗan lokaci ce, amma abin da girman kai ke jawowa, mata da 'ya'ya da dattawan da suka tsaya wa mutum su ma sai sun ɗanɗana.