Ramin Kaguwa a Gindin Ganuwa

Ga ta nan tafe gare ku!

Ta iso, muna saurare.

Ranar Laraba da hantsi, teku ya rushe ganuwar da ke tare gaɓa, ya soma cin yashin da Kififiya ta binne ƙwanta a ciki. Kififiya ta kira gayya. Giwa na kawo duwatsu, Biri na jerawa, kafin la'asar ganuwa ta tashi.

Ruwa ya fara hawa. Sai ga shi yana tsattsafowa ta ƙarƙashin gini, ya nufi ƙwai.

Kififiya ta ce, "Wayyo ni! Ramin wa ke nan a gindin ganuwa?"

Kaguwa ta ce, "Ɗakina ne, Yaya. Na ji wurin da sanyi, na haƙa."

"Ɗakinki? Duwatsu sun ƙare, Giwa ta tafi gida! Da me za mu toshe?"

Kaguwa ta dubi ƙwai, ta dubi ruwa. Ta ce, "Matsa min."

Ta kutsa ramin a karkace, ta tokare bakinsa da bayanta. Teku ya yi ta dukanta har ya janye.

Ƙwai ko ɗaya bai tafi ba. Kaguwa kuwa ta fito a karkace, har yau haka take tafiya.

Ƙurunƙus, kan ɗan kifi.