Zaƙin da Ya Maƙale wa Kabewa

Dalilin da ya sa kabewa take ɓoye zaƙinta can a gindin furenta, yara, ku matso ku ji.

A da, zaƙin tsirrai a kan ganye yake, yana ɗiga kamar gumi, kowa ya zo wucewa ya lasa. A lokacin akwai wata Kabewa a bayan ɗakin Inna Lantana, ta yi yaɗo ta rufe danga, amma ko ɗa guda babu. Ita kuwa kabewa ba ta haihuwa sai an kai garin nan rawaya daga wani fure zuwa wani, ga shi ba ta da ƙafa.

Wata safiya Inna Lantana ta tsaya a kanta da fartanya ta ce, "Ganye zan dafa? In damina ta wuce ban ga ɗa ba, tuge ki zan yi."

Hankalin Kabewa ya tashi. Ta aiki Iska da garin, Iska ta watsa wa jaki a hanci, ya wuni yana atishawa. Ta aiki Bunsuru, ya cinye saƙon har da furen, ya dawo yana tambaya ko akwai wani aiken.

Sai ga Ƙudan Zuma ya zo lasar ganye kamar kullum.

Kabewa ta ce, "Ƙanena, don Allah ɗan miƙa min garin nan furen can."

Ya ce, "Haba Yaya! Ni da wankakkiyar riga? Nemi ɗan aike."

Kabewa ta fusata. Ta ce, "To wallahi ka gama shan zaƙina!" Ta tattara zaƙin jikinta kaf ta haɗiye. Ashe ya fi ƙarfin maƙogwaronta. Ya tsaya cak a gindin fure, bai wuce ba, bai dawo ba. Ta yi kakari, ta yi tari, a banza, bakin furanninta duk suka wage.

Ƙudan Zuma ya lashi ganye ya ji salam. Ya bi ƙamshi, ya leƙa fure, kwaɗayi ya ja shi ya afka da ka. Da ya fito, gari ya bule shi har gira, ƙadangaru suna ta dariya. Kunya ta sa ya faɗa furen gaba don ya ɓuya, yana ta goge jiki a ciki.

Kabewa tana jin sa, ta ƙyale shi har garin ya zube a ciki. Ba a jima ba ɗa ya ƙullu, ya yi girman da sai da Inna Lantana ta kira maƙwabta suka ɗaga mata. Sauran tsirrai da suka ji labari suka shiga haɗiyar nasu zaƙin da gangan.

Shi ya sa har yau in kun tsinki fure kuka tsotsi gindinsa za ku ji zaƙi. Amma ku leƙa kafin ku kai baki, don wataƙila mutumin yana ciki, kuma har yanzu bai huce ba.