Lallen Wijdan a Bayan Kunkuru

Akwai wani bawan Allah a unguwar Arba wa Nus ta birnin Alƙahira, sunansa Isam, Bahaushen Sudan. Sana'arsa gyaran fanka da dutsen guga, amma in kana son ganinsa cikin walwala sai ka hau saman benen da yake haya. A can ya zuba yashi ya kewaye da bulo, kunkurayensa na ta rarrafe a ciki.

Irin ƙananan nan ne na hamadar Masar, masu launin yashi, ko babbansu bai wuce tafin hannu ba. Sun kusa ƙarewa a daji, shi ya sa ba a sayar da su sai da izinin hukuma.

Da farko guda biyu ne kacal. Wani maƙwabci ya tashi ya bar su a kwali, matar Isam, Wijdan, ta ji tausayi ta ɗauko. Mai ƙunshi ce, hannunta ba ya iya ganin fili ya ƙyale. Duk ɗan da aka ƙyanƙyashe sai ta zana masa ɗan fure da lalle a ƙoƙon baya, kowace Sallah kuma ta sabunta.

"Don su san gidansu," in ji ta.

Da sanyin bara Allah ya yi mata rasuwa.

Tun daga nan Isam ya mayar da saman benen ɗakinsa. Bayan asuba yakan zauna da shayi, hazon safiya ya lulluɓe gari, tattabarun maƙwabta na shawagi. Rana na fitowa sai furannin nan su fara tafiya a kan yashi a hankali. Yakan zuba musu ido har ya ji kamar ƙamshin turarenta, kamar yanzu za ta hauro tana faɗan ya bar shayi ya huce. Kewarta ta yi masa yawa ƙwarai.

A wannan zaman ne ya fara mafarkin ɗan shago a Zamalek, unguwar masu hali, mai koriyar ƙofa, da sunanta a sama. Zai riƙa sayar da 'ya'yan ga masu lambu, iyayen kuwa su tsufa a gabansa. Babban abin shi ne, in ya samu izini ba mai ikon raba shi da su. Ya nema, aka ce likitar dabbobi za ta zo dubawa.

Sai ga abokinsa Jamal, ɗan kasuwar Ataba, wanda bai taɓa jin magana ya rasa shawara ba.

"Ya akhi, waɗannan 'yan tsirarun za ka nuna wa hukuma? A Ataba shagon da bai cika da kaya ba, ko sallama ba a yi masa. Na san mai kawo su daga hamada a buhu. Cika wurin, khalas, shi ke nan."

"Ai na daji ba su da fure," in ji Isam.

"Lalle ya ƙare a Masar ne?"

Isam ya yi dariya, amma maganar ta zauna masa. Ana gobe likita za ta zo, buhu ya iso. Ya ɗauko kwanon Wijdan ya kwaɓa lalle, ya duƙufa da tsinke yana zane. Mutumin da ya saba da sukundireba! Furen nasa ya fi kama da gizo-gizo, yana yi yana gogewa da yatsa, har dai ya ga ya yi tamam.

Da hantsi Dakta Eman ta hauro. Bamasariya ce mai fara'a, tana ganin 'ya'yan ta durƙusa a yashi ba ta damu da kayanta ba.

"Masha Allah! A saman bene suka haihu haka? Ba kowa ke iya wannan ba."

Isam ya ba ta labarin Wijdan da furanninta, ta saurara tana jinjina kai. Sai dai wasu kunkurayen sun taru a lungu, sun ƙi ganye, suna ta ƙwaƙular bango. Ta ƙura musu ido.

Ya miƙo mata shayi. Idonta ya sauka a kan yatsunsa, jajaye wur.

"Mabruk ya ustaz, aure za a yi? Maƙwabtana 'yan Sudan ne, na san namijinku ba ya sa lalle sai da biki."

Isam ya kalli hannunsa kamar ba nasa ba.

Ta ɗago kunkuru biyu ta jera. Furen ɗaya ya koɗe, siriri, mai kyau. Na ɗayan ɗanye ne, har warin lalle yake.

"Ma'alish, ka yi haƙuri," ta faɗa a hankali. "Wallahi da naku kaɗai na tarar, da na tsaya maka. Yanzu sun cakuɗa da na daji, wataƙila ma da cuta. Ba za a ba ka izini ba, kuma duka za a kwashe zuwa wurin killacewa."

"Dakta, ko uwar tasu ce ki bar mini. Ita matata ta fara zana wa."

"Ba ni da ikon haka."

A kan idonsa aka jera furannin Wijdan a akwati aka sauka da su. Jamal kuwa wayarsa ta daina shiga.

Lallen ya daɗe a farcensa, kullum in ya zo alwala sai ya gani. Bai daina hawa sama da asuba ba, ko da yake ba abin da ke motsi a yashin.

Wata safiya ya ga yashi na ɗagawa a gindin bulo. Ashe ƙwai ɗaya ya rage a binne. 'Yar kunkuru ta fito, ba ta wuce kan babban yatsa ba. Ba wanda ya gani, da ya so da ya ɓoye ta. Ya daɗe yana kallonta a tafinsa, sannan ya naɗe ta a gyalen Wijdan, ya sauka ya tari mota zuwa wurin Dakta Eman.

A hanya ya buɗe gyalen ya leƙa. Bayanta wayam yake, ba mai zana mata fure, sai hawaye suka zubo masa.

Darasi: Ɗan abin da ka tara da haƙuri da gaskiya ya isa ya tsaya maka, kada ka yi masa ciko da ƙarya don ya yi yawa a idon mutane. Isam ya so ya ƙara, sai ya rasa har abin da matarsa ta bar masa. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai mai shirin kwaɓa nasa lallen a yau.