Dutsen Niƙan Goggo Tasalla

Akwai wani saurayi a Roni mai suna Halliru, wanda ya shiga jami'a a shekarun da arzikin mai ya buɗe. Tsaransa duk injiniya suke hari, shi kuwa ya zaɓi nazarin tarihi da al'adun Afirka.

Ba wanda ya kai ɗan goggonsa, Sama'ilu, yi masa dariya. Ma'aikaci ne a Ikko, shi ya kawo injin niƙa unguwarsu.

"Ƙanena, har sai ka je jami'a za ka san kai ɗan Afirka ne?"

Halliru ya ci gaba da karatunsa. Ya lura tun zuwan injin nan waƙoƙin niƙa suka fara mutuwa. Goggo Tasalla, mahaifiyar Sama'ilu, ita kaɗai ta rage da su a unguwar, ga shi jiki ya ƙi.

Da hutu ya aro rikoda ya ajiye a gabanta. Ta buɗe baki, ta rufe.

"Ɗan nan, waƙar ba ta zuwa sai dutse yana tafiya. Ni kuwa hannu ya mutu."

Halliru ya jawo dutsen daga bayan rumbu, ya wanke, ya zuba gero, ya durƙusa. Namiji, ɗan jami'a, a kan dutsen niƙa! Mata suka yi ta leƙe ta katanga suna shewa. Tafukansa suka yi bororo, kunya kamar ya nutse, amma bai ɗaga ba. Can sai murya ta ɓalle wa tsohuwa. Haka suka yi har hutu ya ƙare.

Kafin kaka Allah ya yi mata rasuwa.

Bayan sadakar bakwai, Sama'ilu ya ce cikin ɗaci, "Ta tafi ban taɓa jin ta yabe ni ba." Ɗan fari ne, kunya ta hana ta ko kama sunansa.

Halliru ya kunna kaset. Ga ƙarar dutse, ga Goggo tana yi wa "baƙona na Ikko" kirari, tana roƙon Allah ya dawo da shi ta gan shi. Abin da ba ta iya faɗa a fili, a waƙa take zuba shi.

Sama'ilu ya fashe da kuka. Ya kamo tafukan Halliru yana dubawa.

"Malam, mayar mini da shi farko."

Darasi: Kada ka raina karatun da ke adana muryar iyayenka, kuma kada dariyar mutane ta tashe ka daga aikin alheri. Ku tura wa duk wanda tsofaffinsa ke raye.