Rijiyar Jaki da Raƙumi

Ga ta nan tafe gare ku!

Ta iso mu saurara!

Shekara bakwai Jaki da Raƙumi suna shari'a a kotun Dila kan wata rijiya, kowa na cewa tasa ce. Kullum sai a ɗage zama, har kofaton Jaki ya cinye.

Rannan Zaki ya kafa doka cewa kowace ƙara a fara kai ta gaban mai sulhu. Aka tura su wurin Kunkuru.

Kunkuru ya ce, "Yaushe rabonku da rijiyar?"

Suka tashi don su duba ta. Da suka je, suka tarar ta rufta.

Jaki ya zauna daɓas, ya ce, "Ɗan'uwa, da sauran ƙarfin shari'a?"

Raƙumi ya ce, "Ina fa!"

Jaki ya ce, "Ni ma haka. Ɗauko dagi dai mu tona, ƙishirwa nake ji."

Ƙurunƙus kan gafiya!