Injiniya da Gangaren da Ya Kashe Inji

Akwai wani magidanci da ake kira Injiniya. Bai taɓa riƙe sifana ba, amma duk garejin da ya shiga sai ya koya wa makaniki aikinsa.

Wata safiya ya ɗauko matarsa da mahaifinta, za su kai dattijon asibitin ido. Baba ya shekara talatin yana tuƙa babbar mota kafin ganinsa ya yi rauni.

Matar na zaune a baya, hannunta a kan kujerar gaba, domin ta san halin mijinta. Suna isa wani dogon gangare kuwa sai ta ji motar ta yi tsit. Ya fitar da giya, ya murɗa makulli.

"Me ka yi?" in ji Baba.

"Tattalin mai, Baba. Gangare ai kyauta ne."

"Ɗana, kunna. In mai kake son ragewa, duba iskar taya, ka kwashe tarkacen but ɗin mota, ka daina taka totur kamar kana faɗa da shi. Amma inji a kashe, birki ba ya ji."

Injiniya ya yi dariya. "Wannan ilimin motocin da ne."

Matar ta ji abin har ƙoƙon ranta. Mahaifinta ne fa ake wa dariya a gabanta! Ta buɗe baki ke nan sai ga wani mai babur a gabansu, yana tafiya a hannunsa, bai tsare wa kowa hanya ba.

Injiniya ya taka birki sau ɗaya, sau biyu, na uku ya yi tauri kamar dutse. Sitiyari ya yi nauyi. Sai ƙara.

Mai babur ya faɗi a bakin kwalta, ƙafarsa ta karye, takardun jarrabawar ɗalibai sun watse ko'ina. Ashe malamin makaranta ne.

Ku ji ikon Allah: Injiniya na fitowa, fitilar motarsa ya fara dubawa!

"Kai makaho ne? Dubi ɓarnar da ka yi mini!" ya daka wa malamin tsawa.

Matar ba ta san lokacin da ta fito ba. Ta ce, "Ka ji tsoron Allah. Mutum na kwance cikin jini kana zancen fitila? Da za ka kashe injin nan, ka tambaye mu? Shi ka tambaye shi?"

Ta tsayar da wata mota, aka kama malamin aka sa a ciki. Ta riƙo hannun mahaifinta suka shiga tare.

Da jami'an hanya suka same su a asibiti tare da Injiniya, sai ya rantse birki ne ya tsinke. Suka juya ga Baba.

"Idona ba ya gani sosai," in ji tsohon, "amma kunnena lafiya lau. Inji a kashe yake."

An karɓe lasisin Injiniya. Malamin kuma ya koma aji bayan wata biyar, yana dogara sanda.

Darasi: Tattalin mai abu ne mai kyau, amma ba da ƙafar wani ake yinsa ba. Kada ka kashe inji a gangare, kuma ka tuna titi ba naka kaɗai ba ne. Tura wa duk direban da ka sani, tun kafin ya ɗauki makulli gobe.